Sol-jel da wutar lantarki: Yadda ake lulluɓe ƙarfe da gilashin da ido ba ya gani

A cikin fasahohin da masana kimiyyar sinadarai suka ɓullo da su a ƙarshen ƙarni na 20 akwai wata hanya ta shimfiɗa siririn lulluɓi mai kama da gilashi a jikin ƙarfe, ta hanyar tsoma ƙarfen cikin wani ruwan sinadari sannan a sakar masa wutar lantarki kaɗan. Lulluɓin kan fito ɗauke da ƙananan ƙwayoyin zinare, azurfa ko tagulla a cikinsa, kuma kaurinsa yakan kama daga nanomita gommai zuwa 'yan maikiromita. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin gashin kan mutum kuwa yakan kai nanomita 80,000.

Fasahar ta haɗa ilimi uku da kowanne ke da tarihinsa: hanyar sol-jel ta yin gilashi ba tare da narkarwa a wuta ba, hanyar lulluɓe abu da wutar lantarki, da ilimin ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ake kira ƙwayoyin nano. Muhimmancinta bai tsaya a ɗakin gwaji ba. Tana cikin hanyoyin da ake nazari domin maye gurbin wani sinadari mai haddasa kansa da masana'antu suka daɗe suna amfani da shi wajen hana tsatsa, kuma tana cikin hanyoyin ƙera ƙananan na'urori masu gano guba a cikin ruwa.

Ma'anar sol da jel

Sol ruwa ne da wasu ƙananan ƙwayoyi ke yawo a cikinsa ba tare da sun kwanta a ƙasa ba. Jel kuwa shi ne halin da ruwan ke shiga idan ƙwayoyin suka sarƙe da juna suka zama raga guda, ruwan ya maƙale a cikin ragar. Duk wanda ya ga yadda ake yin awara ya ga wannan sauyi. Madarar waken suya sol ce, da zarar an zuba mata ruwan tsami sai ta ɗaure. Abin da ya sauya shi ne tsamin ruwan, wanda masana ke aunawa da ma'aunin pH. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 14. Abin da ke ƙasa da 7 asid ne, kamar ruwan lemun tsami, abin da ke sama da 7 kuma alkali ne, kamar ruwan kanwa.

A hanyar sol-jel, maimakon wake, ana farawa ne da sinadarai masu ɗauke da silikon, waɗanda suka fi shahara su ne TEOS da TMOS. Idan aka gauraya su da ruwa da alkohol, sai abu biyu su faru a jere. Da farko ruwa yana karya wasu sassan sinadarin ya maye gurbinsu. Daga nan sassan da aka karya su fara kama juna, silikon ya kama oksijin, oksijin ya kama wani silikon, har raga ta ginu. Idan ragar ta bushe, abin da ya rage shi ne silika, wato ainihin sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Gilashin kasuwa sai an narkar da yashi a zafin da ya kai digiri 1,500 a ma'aunin Salsiyos. Na sol-jel kuwa yana ginuwa a zafin ɗaki, shi ya sa ake iya saka masa abubuwan da wuta za ta lalata, kamar magunguna, rini da sinadaran jikin halitta.

Tarihin hanyar

Bafaranshen masani Jacques-Joseph Ebelmen ne ya fara lura, a 1846, cewa wani sinadarin silikon da ya haɗa yana daskarewa ya zama kamar gilashi idan ya sha danshin iska. Thomas Graham na Sukotland, wanda ya yi nazari a kan irin waɗannan ruwaye, shi ya kawo kalmomin sol da jel a shekarun 1860. A 1939 Geffcken da Berger na kamfanin gilashi na Schott a Jamus suka yi rajistar hanyar lulluɓe gilashi da sol-jel. A 1968 Werner Stöber da abokan aikinsa suka nuna yadda ake samar da ƙwayoyin silika masu girma ɗaya, a 1990 kuma Jeffrey Brinker da George Scherer suka fitar da littafin da ya zama madogara ga masu nazarin fannin.

Lulluɓe abu da wutar lantarki ya riga sol-jel. Luigi Brugnatelli na Italiya ya lulluɓe azurfa da zinare ta wannan hanya a 1805, a 1840 kuma iyalan Elkington na Birmingham a Ingila suka yi rajistar hanyar suka mayar da ita sana'a. Wannan ita ce tushen abin da ake kira ruwan zinare a jikin sarƙa da 'yan kunne.

Ƙwayoyin nano na ƙarfe kuwa mutane sun yi amfani da su tun kafin su san da su. Kofin Lycurgus, wanda maƙeran gilashi na Rum suka yi a ƙarni na 4 kuma yake ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, kore ne idan haske ya faɗo a kansa daga waje, ja ne idan hasken ya ratso ta cikinsa. Bincike ya gano cewa ƙananan ƙwayoyin zinare da azurfa ne a cikin gilashin ke haifar da haka. A 1857 Michael Faraday ya bayyana cewa jan ruwan da ya haɗa a ɗakin gwajinsa zinare ne da aka rarraba ƙanana ƙwarai. A 1951 John Turkevich da abokansa suka fito da hanya mai sauƙi ta samar da ƙwayoyin zinare, wadda har yau ake bi.

Haɗuwar sol-jel da wutar lantarki ta fito fili a 1999, lokacin da Ronen Shacham, David Avnir da Daniel Mandler na Jami'ar Hebrew da ke birnin Ƙudus suka wallafa sakamakon gwajinsu a mujallar Advanced Materials. A 2007 tawagar Alain Walcarius da ke Nancy a Faransa ta nuna a mujallar Nature Materials cewa idan aka ƙara wa ruwan wani sinadari dangin sabulu mai suna CTAB, lulluɓin yana fitowa da ramuka masu faɗin nanomita 2 zuwa 3, jere a tsaye kamar saƙar zuma. A 2008 da 2010 Reut Toledano da Mandler suka wallafa ayyukan da suka shigar da ƙarfe cikin lulluɓin a lokacin da yake ginuwa, na farko da tagulla, na biyu da ƙwayoyin zinare.

Yadda aikin ke gudana

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙaramin mazubi mai ɗauke da ruwan sol, da sanduna uku masu ɗaukar wuta da ake tsomawa a ciki. Ta farko ita ce abin da ake son lulluɓewa, wanda zai iya zama baƙin ƙarfe, alminiyam, zinare, ko gilashin da aka shafa wa sinadarin ITO domin ya ɗauki wuta. Ta biyu, wadda galibi ta filatinam ce, tana cika zagayen wutar. Ta uku ma'auni ce da ake gwada ƙarfin wutar da ita. Wata na'ura mai suna fotenshiyostat ce ke riƙe ƙarfin wutar daidai inda aka saita shi.

Ana shirya ruwan sol da ɗan tsami, a pH na 3 zuwa 4. A wannan hali matakin farko na karyewar sinadarin yana tafiya, amma mataki na biyu na sarƙewa yana jan ƙafa, don haka ruwan yakan daɗe bai ɗaure ba. Idan aka sakar wa sandar farko wuta ta ɓangaren nagatif, kimanin bolt ɗaya ko sama da haka kaɗan, ruwan da ke taɓa jikinta yana rabuwa ya ba da iskar haidirojin da sinadarin haidiroksaid. Haidiroksaid alkali ne, don haka pH yana tashi, amma a wani siririn yanki kawai da ke manne da jikin sandar. A wannan yanki sarƙewa tana sauri, jel ya ginu a jikin ƙarfen, alhali sauran ruwan mazubin yana nan a matsayin sol. Aikin yakan ɗauki daƙiƙoƙi zuwa mintuna. Bayan haka a ciro abin, a ɗauraye, a busar.

A nan bambancinta da ruwan zinare yake. A ruwan zinare, wutar ce kai tsaye ke mayar da narkakken zinare ya zama ƙarfe a jikin sarƙa, kuma dokokin Faraday suna faɗin nauyin da zai kwanta gwargwadon wutar da ta wuce. A sol-jel kuwa wutar ba ta taɓa silikon. Aikinta kawai sauya pH a bakin ƙarfen, sinadarin ya ƙarasa sauran da kansa. Saboda haka kaurin lulluɓin ya dogara ga ƙarfin wuta, tsawon lokaci, yawan sinadarin da ke cikin ruwan, da yadda haidiroksaid ke bazuwa.

Shigar da ƙwayoyin ƙarfe

Hanyoyi uku ake bi. A ta farko ana narkar da gishirin ƙarfen, misali na tagulla ko na zinare, a cikin ruwan sol. Wutar da ke ɗaga pH ita ce kuma ke mayar da narkakken ƙarfen ya zama ƙwayoyi, don haka abu biyu ke ginuwa lokaci guda, silika tana zagaye ƙwayoyin tun suna ƙanana. Ƙarfin wutar ne ke yanke wanda zai rinjaya, ƙarfe ko silika.

A ta biyu ana fara haɗa ƙwayoyin a wani mazubi dabam, a lulluɓe su da sinadarin da ke da kai biyu, ɗaya yana kama zinare ɗaya yana kama silika. Idan aka zuba su cikin sol, ragar tana kama su yayin da take ginuwa. Amfanin wannan hanya shi ne an san girman ƙwayoyin tun kafin a fara.

A ta uku ana fara gina lulluɓi mai ramuka irin na tawagar Nancy, a wanke sinadarin sabulun, sannan a cika ramukan da ƙarfe ta hanyar wuta. Faɗin ramin shi ke iyakance girman abin da zai tsiro a ciki.

Dalilin wannan wahala shi ne ƙarfe yana sauya hali idan ya ƙanƙance. Zinaren da aka sani rawaya ne kuma ba ya shiga harkar wasu sinadarai. Ƙwayoyinsa masu faɗin nanomita 10 zuwa 20 kuwa suna shanye koren haske mai tsawon zango kimanin nanomita 520, shi ya sa suke bayyana ja. Jan layin da ke fitowa a yawancin tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro da na juna biyu tarin irin waɗannan ƙwayoyi ne. A 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa ƙwayoyin zinare masu 'yan nanomita suna hanzarta mayar da iskar kabon monoksaid mai kisa zuwa kabon dayoksaid, ko da a cikin sanyi. Matsalar ita ce ƙwayoyin suna son dunƙulewa, kuma da zarar sun dunƙule wannan hali ya tafi. Ragar silika tana riƙe kowacce a wurinta, ramukanta kuma suna barin ruwa da iska su kai gare su. Ita ma silikar tana amfana, domin ba ta ɗaukar wuta, ƙwayoyin ƙarfen ne ke buɗe wa wutar hanya ta cikinta.

Fifikonta a kan tsofaffin hanyoyi

Kafin wannan fasaha, ana shimfiɗa sol-jel ne ta tsoma abu a ciro shi a hankali, ko ɗiga ruwan a kan faifai mai juyawa da sauri, ko fesawa. Waɗannan suna aiki sosai a kan abu mai shafaffen jiki kamar gilashin taga. A kan abu mai lunguna kuwa, ruwan yakan taru a kwari ya bar tudu a buɗe. Hanyar lantarki tana gina lulluɓin a duk inda wuta ta kai, don haka tana bin siffar waya, raga, ko ƙaramin bututun ƙarfe da likitoci ke sakawa a jijiyar zuciya domin buɗe ta. Tana kuma zaɓe: idan abu yana da sashen ƙarfe da sashen roba, ƙarfen kaɗai za ta lulluɓe.

Tsatsa da rikicin kuromiyam

Wani rahoto da ƙungiyar injiniyoyin yaƙi da tsatsa ta NACE ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa tsatsa na jawo wa duniya asarar dala tiriliyan 2.5 a shekara, kimanin kashi 3.4 cikin 100 na tattalin arzikin duniya. Shekaru da dama maganin da masana'antar jiragen sama da ta motoci suka fi dogara da shi shi ne sinadarin kuromiyam nau'i na shida. Yana aiki ƙwarai, amma hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Shi ne sinadarin da ya gurɓata ruwan garin Hinkley a jihar Kalifoniya ta Amurka, shari'ar da ta ƙare a 1996 da biyan diyyar dala miliyan 333, wadda daga baya aka yi fim ɗin Erin Brockovich a kanta.

A ƙarƙashin dokar sinadarai ta REACH, Tarayyar Turai ta hana amfani da kuromiyam tirayoksaid daga Satumban 2017 sai ga wanda ya samu izini na musamman. Wannan ya tilasta neman madadi, kuma lulluɓin sol-jel na cikin waɗanda ke kan gaba. Kamfanin Boeing ya ƙirƙiro nasa sinadarin sol-jel na shirya jikin ƙarfe kafin fenti ko gam, ko da yake shafa shi ake yi ko fesawa. Masu bincike, ciki har da na Jami'ar Zhejiang a ƙasar Sin, sun nuna cewa lulluɓin da aka gina da wuta yakan fi na tsomawa kauri da kama jikin ƙarfe, kuma ramukansa na iya ɗaukar sinadaran hana tsatsa.

Gano guba da kashe ƙwayoyin cuta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma da asanik a ruwan sha a kan maikirogiram 10 a kowace lita. Auna abu ƙanƙani haka yakan buƙaci manyan na'urori masu tsada. Hanyar lantarki ta fi araha: a tara gubar a jikin sanda da wuta, sannan a juya wutar a ƙwaƙule ta, yawan wutar da ta fita ya nuna yawan gubar. Da irin wannan dabara ƙaramar na'urar LeadCare ke aiki, wadda aka yi amfani da ita wajen auna jinin yara a Zamfara a annobar gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan da ake sarrafa ma'adinin zinare. Na'urar ba ta sol-jel ba ce, amma ta nuna darajar gwajin da ake iya kaiwa ƙauye. Masu nazarin lulluɓin silika mai ƙwayoyin zinare suna neman ƙara wa irin waɗannan sanduna kaifi. Ƙwayoyin suna faɗaɗa wurin da guba za ta kwanta, ramukan silika kuma suna tace manyan abubuwa kamar furotin da kan toshe fuskar sanda.

Azurfa kuwa an daɗe da sanin tana kashe bakteriya. Idan aka kulle ƙwayoyinta cikin silika, tana fita kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, abin da ake nema a jikin ƙarafan da ake dasawa a jikin majiyyaci.

Iyakokin fasahar

Hanyar ba ta aiki sai a kan abin da ke ɗaukar wuta. Iskar haidirojin da ke fita tana iya huda lulluɓin idan wutar ta yi ƙarfi. Lulluɓi mai kauri yakan tsage wajen bushewa, domin jel yana tsukewa idan ruwa ya fita. Ruwan sol da kansa yana tsufa, a hankali ya ɗaure a cikin mazubi, wanda babban cikas ne ga masana'antar da ke son tanki ɗaya ya yi makonni yana aiki. Silika kuma tana narkewa a ruwa mai alkali, abin da ke rage kwanan na'urorin da aka yi da ita. A fagen hana tsatsa, kuromiyam yana da halin da ke wahalar kwaikwayo: idan aka karce fenti, sinadarin yana malalowa ya rufe wurin da kansa. Waɗannan dalilai ne suka sa yawancin ayyukan wannan fanni har yanzu suke a matakin ɗakin gwaji.

Doka da lafiyar jama'a

Ƙanƙantar da ta ba ƙwayoyin nano amfani ita ce kuma ta sa ake sa musu ido. Azurfar da ke kashe bakteriya a asibiti tana cutar da ƙananan halittun ruwa idan ta kwarara cikin kogi. A 2011 Tarayyar Turai ta fitar da ma'anar hukuma ta kayan nano, wato abin da aƙalla rabin ƙwayoyinsa ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100, a 2022 kuma ta hana saka farin sinadarin taitaniyam dayoksaid a abinci, bayan hukumar kula da lafiyar abincinta ta ce ba za ta iya tabbatar da cewa ba ya lahani ga ƙwayoyin gado ba. Kulle ƙwayoyi cikin silika yana rage bazuwarsu, amma lulluɓin yana gogewa, yana tsufa, kuma abin da aka lulluɓe wata rana zai zama shara.

Darasin kuromiyam ya shafi ƙasashen da ke sayen kaya daga waje. Dokar REACH tana aiki ne a cikin Turai, ba ta hana masana'antar wata nahiya ci gaba da amfani da sinadarin ba. Ƙasar da hukumominta ba su da ɗakunan gwajin da za su tantance abin da aka lulluɓe kwanon rufi, bututun ruwa ko kayan asibiti da shi, ba ta da abin dogaro sai takardar mai sayarwa. Kayan gina lulluɓin sol-jel da wuta ba su fi ƙarfin sashen kimiyyar sinadarai na jami'a ba. Abin da ke da tsada shi ne madubin ilaktaron da sauran na'urorin da ke nuna girman ƙwayoyin da yadda suka jeru, da tsayayyiyar wutar lantarki da waɗannan na'urori ke buƙata, kuma samar da su hukunci ne na kasafin kuɗi.